Yadda ake rainon jariri da nonon uwa, tun daga haihuwa har yaye

Yawancin abin da jariri yake bukata kafin ya shekara biyu ba a kanti ake sayo shi ba. Nonon uwarsa ne, da ɗumin jikinta, da goyo, sai daga baya gero da wake da gyaɗa da ƙwai, waɗanda dama can akwai su a gida. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke shayarwa har shekara biyu, suna kwana da jariri a gefensu, suna yini da shi a baya. Amma cikin abin da suka bar mana akwai na riƙewa da hannu biyu, akwai kuma na ajiyewa, kuma duka biyun daga baki ɗaya suke fitowa, bakin uwarki ko na uwar mijinki. Wannan bayani na mai ciki ne da maijego, musamman mai haihuwar fari. Maigida ma ya karanta, don akwai inda sai da shi.

Tun kafin naƙuda

Rigimar nono zalla ba a asibiti ake yin ta ba, a tsakar gida ake yi. Ranar da kika haihu ba ki da ƙarfin musu, ga kunya, ga 'yan barka cike da ɗaki. Don haka tun ciki yana wata bakwai ko takwas ki zauna da maigida ku daidaita cewa jaririn nan nono kaɗai zai sha har wata 6. Shi ne zai kai maganar gun mahaifiyarsa, ba ke ba. "Hajiya, a wurin awo sun ce kada a ba shi ko ruwa sai ya yi wata shida, ni ma na amince da haka" ya fi shiga daga bakin ɗa a kan bakin suruka. In wankan gida za ki tafi, ki ja Inna zuwa awo ko sau ɗaya ne, ta ji da kunnenta. Tsofaffi ba sa son a zo musu da hukunci, amma in aka sa su cikin shawara su ne kan tsaya su hana maƙwabta ɗura wa jariri abin da ba a sani ba.

Sa'ar farko

Da jariri ya faɗo, a goge shi da zane mai tsabta busasshe, a ɗora shi a ƙirjinki fata da fata, a lulluɓe ku tare, a sa masa hula. Ki faɗa wa nas ko ungozoma tun kafin naƙuda ta yi tsanani cewa haka kike so. Jikinki ne zai ɗumama shi, kuma in aka ƙyale shi za ki ga yana juya kai yana lalube da baki. A sa shi a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa. Wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. Tsotson farko ke ma yana yi miki aiki, don yana sa mahaifa ta tsuke, zubar jini ya ragu. In tiyata aka yi miki, da zarar kin farfaɗo a taimaka a kwantar da shi a gefenki ya kama.

Abin da zai fito a kwanakin farko shi ne dakashi, mai kauri, ruwan ɗorawa, ɗan kaɗan. A wasu gidaje ana tatse shi a zubar, wai gurɓataccen nono ne, har akan jefa tururuwa a ciki a ga ko za ta fita, a kuma riƙa ba jariri ruwa ko madarar shanu kafin "nono mai kyau" ya zo. Wannan babbar asara ce. Dakashi cike yake da garkuwar jikin uwa, shi ne yake shafe hanjin jariri ya kare shi daga ƙwayoyin cuta, shi ne kuma yake tura baƙin kashin nan na farko ya fita. Ƙarancinsa ma daidai ne, domin cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi guda a sha ɗaya ba. Farin nono yana kawowa ne a kwana na uku zuwa na biyar, kuma yawan tsotso yana taimaka masa ya kawo.

A yi masa kiran salla a kunne yana ƙirjinki, babu abin da ya hana. In za a yi tahniki, ɗan laushin dabino ne a goga a ganɗa sau ɗaya, shi ke nan. Ban da zuma, ko ta tahniki ko ta wani abu, sai ya cika shekara: tana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da hanjin jariri ba ya iya kashewa, mai sa jiki ya saki har numfashi ya gaza. Wankan farko kuma a jinkirta shi zuwa awa 24. Farin maiƙon da ke jikinsa ba ƙazanta ba ne, kariya ce ga fatarsa.

Bakwaini, ko wanda bai kai kilo 2.5 ba, shi ya fi kowa bukatar ƙirji. In likita ya ce babu matsalar numfashi, a bar masa kunzugu da hula da safa kawai, a ɗora shi tsakanin nonuwanki a miƙe, kansa ya juya gefe, a ɗaure da zane, a yini a kwana a haka. Uba ko kaka za su iya karɓarki. A wani asibiti a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara wannan a 1978, lokacin da kwalaben ɗumama jarirai suka yi ƙaranci, yau kuwa shi ake koyarwa a asibitocinmu.

Cibiya

A bar gashin cibiya da tsumma mai zafi, a bar shafa toka, man goge baki, man zafi ko wani gari. Ta nan cutar sarƙe haƙora take shiga. A asibiti ko kyamis ki nemi man chlorhexidine na cibiya. Ki wanke hannu da sabulu, ki shafa a kan cibiyar da gindinta sau ɗaya a rana, ki naɗe kunzugu ƙasa da ita don ta sha iska. Kada ya kusanci ido. Za ta faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. In ta yi ja, ko tana ruwa mai wari, a tafi asibiti a ranar.

Yadda zai kama nono

Yawancin mai cewa "nonona ba ya isarsa" ko "kan nonona ya tsage", matsalarta a kamu take. Ana ɗauka abu ne da kowace mace ta iya tun fil azal, alhali koyo ake yi, kuma mai haihuwar fari da ke jin nauyin shayar da ɗan fari a gaban surukai ita ta fi shan wuya, don a gurguje take yi, a ɓoye cikin hijabi, ba ta ko kallon bakin yaron. Ki samu inda za ki sake, ki rufe ƙofa in ya kama.

Ki zauna ki jingina bayanki. Ki juyo da jariri gaba ɗaya, cikinsa ya manne da naki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa su miƙe a layi ɗaya. Ki tallafe jikinsa duka, ba kai kaɗai ba, kada kuma ki danna masa ƙeya. Hancinsa ya zo saitin kan nono. Ki ɗan goga kan nonon a leɓensa na sama, ki jira sai ya wangale baki sosai, sannan ki jawo shi gare ki da sauri. Shi ake kaiwa ga nono, ba ke za ki sunkuya ki kai masa ba, in ba haka ba bayanki zai gaya miki kafin suna.

Sai ki duba. Haɓarsa ta taɓa nono, bakinsa a buɗe, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa a kan ta ƙasa. Kumatunsa a cike, ba a lotse ba. Zai fara da tsotso mai sauri, sannan ya koma ja a hankali yana tsayawa, kina jin haɗiya. In kina jin zafi har ya ƙi wucewa, kan nono kaɗai ya kama. Kada ki fizge, ki zura ƙaramin yatsanki mai tsabta ta gefen bakinsa ya saki, ki sake.

Ki bar shi ya gama da nono ɗaya ya saki da kansa kafin ki juya shi. Na farkon da yake fitowa ya fi ruwa, na ƙarshe ya fi maiƙo, shi ne mai ƙosarwa. In ya gama ki ɗora shi a kafaɗa ki shafa bayansa ya yi gyatsa. Ɗan tumbuɗi ba ciwo ba ne.

Babu agogo a shayarwa. Sau 8 zuwa 12 a dare da rana shi ne abin da aka saba gani, wani lokaci ma da yamma sai ya yi ta nema babu ƙaƙƙautawa. Kada ki jira kuka; in ya fara tsotsar hannu, yana juya kai, yana motsa baki, lokaci ya yi. Jaririn da ya cika barci a makon farko a tashe shi in ya kai awa uku. Shaidar cewa yana ƙoshi ba a nono ake gani ba, a kunzugu ake gani: daga kwana na biyar ya yi fitsari sau 6 ko fiye a rana, fari ba ja ba, kashinsa ya koma ruwan ɗorawa mai laushi. Nauyinsa zai ɗan ragu a kwanakin farko, ya dawo kafin mako biyu.

Maganar ruwa

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 suke shan nono zalla, kuma ba don iyaye mata ba sa shayarwa ba ne. Kusan kowa tana shayarwa. Ruwa ne yake ɓata lissafin. Kuma a gaskiya mai ba da ruwan ba mugunta take yi ba. A Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, babba ma ba ya rabuwa da randa, sai a ce jinjiri ba zai sha ba? Tsohuwa za ta ce da ke, "Kowane mai rai yana shan ruwa, haƙƙinsa za ki ɗauka."

Amsar ita ce yana shan ruwan. Kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, tatacce, wanda bai bi ta rijiya ko jarkar mai ruwa ba. In zafi ya tsananta za ki ga yana yawan nema, ya ɗan tsotsa ya saki. Ƙishirwa ce yake kashewa da nonon farko mai ruwa-ruwa. Ruwan da za a ba shi a cokali illa biyu yake yi. Yana cika ɗan cikin nan da abin da babu abinci a cikinsa, sai tsotso ya ragu, nono ya ragu. Yana kuma shigar da cutar gudawa, ko da tafasasshe ne, don cokali da kofi da hannu duk hanya ce. Ruwan ke za ki sha. Ki ajiye kofi kusa da ke duk sa'ad da za ki shayar.

Haka hukuncin yake ga jiƙe-jiƙe, da ruwan gulukos, da maganin kumburin ciki na kanti, da ruwan dabino. Rubutu da zamzam ma, in an kawo don albarka, ki sha ke, ko a shafa masa a ka, a yi masa addu'a. Wannan hanyar tana kashe rigima da yawa, don wanda ya kawo bai ji an raina shi ba. Abin da aka yarda ya shiga bakinsa ban da nono shi ne ɗigon rigakafi da maganin da likita ya rubuta.

In aka ce miki yaro yana kuka don nonon bai ishe shi ba, a sayo madarar gwangwani, ki fara duba kunzugu da katin awo tukuna. Nono kamar rijiya yake, iya ɗiba iya ɓuɓɓuga. Gwangwani ɗaya da fida sukan zama mafarin ƙafewarsa, ga tsada, ga wankin kwalba a gidan da ruwa sai an saya. Akwai wanda dole sai da madarar, kamar maraya ko wanda likita ya hana uwarsa shayarwa. Shi sai a bi yadda asibiti suka nuna, a ba shi da kofi.

Jikin maijego

Ki ci ki ƙoshi, ki ƙara a kan yadda kika saba: tuwo da miyar ganye, wake, kunun gyaɗa, fura da nono, ƙwai, hanta, naman kauri in an samu. Ruwan ɗumi na wanka yana warware jiki, babu laifi. Abin da ya wuce gona da iri shi ne tafasasshen ruwa safe da yamma har arba'in, da kwanciya a gasasshen gado, da kunun kanwa kwano-kwano. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a yankin, suka kuma danganta shi da yawan kanwa da wannan zafin. A sirka ruwan, a rage kanwa ƙwarai, mai hawan jini kuwa ta bar ta gaba ɗaya. In ƙafa ta kumbura, ko kina haki in kin kwanta, ba jego ba ne, asibiti ne.

In nono ya cika ya yi tauri har jariri ya kasa kamawa, ki tatse kaɗan da hannu ya yi laushi, sannan ki ba shi. Kan nono in ya tsage, ki gyara kamu, ki shafa ɗigon nonon a wurin ya bushe. In wani gefe ya yi ja da zafi har da zazzaɓi, kada ki daina ba shi wannan nonon, bai lalace ba. Ki ci gaba, ki je a duba ki.

Wanzami, kwalli, kafur

Aski ranar suna da sabuwar reza ba matsala. Cire beli da tsaga su ne ba a yi. Belin ba ya hana shan nono, ba ya sa amai, yanke shi kuwa yana jawo zubar jini da cuta, ya hana jariri tsotso saboda ciwo. Kwalli a bar shi, don na dutse yakan ƙunshi dalma. Kafur kuma a fitar da shi daga akwatin kayan jariri, domin ga wasu yara yana fasa ƙwayoyin jini ya kawo ciwon shawara mai tsanani. In idonsa ko jikinsa ya yi ɗorawa, musamman a ranar farko, ko ya kai tafin hannu da ƙafa, shanya shi a rana ba magani ba ne. Haka in ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana jijjiga, ko numfashinsa ya yi sauri haƙarƙari yana shiga: a ɗauke shi a tafi, ko tsakar dare ne.

Rigakafi kyauta ne a asibitin gwamnati: ranar haihuwa, mako 6, 10 da 14, wata 9, da wata 15. Ki adana katin.

Barci da goyo

A kwantar da shi a rigingine, ba rub da ciki ba, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ban da matashi da tulin bargo kusa da fuska, cikin gidan sauro kowane dare. Kwana kusa da ke yana sauƙaƙa shayarwar dare, wadda ita ce take riƙe nono, amma kada a sa shi tsakanin yayyensa, kada kuma ki yi barci da shi a kan kujera. Da hunturu ba a kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a yi su kafin a shigo da shi, hayaƙin ya fita.

Goyo kuwa ki yi abinki, ba ya lalata yaro, yana rage kuka. Kafin wuyansa ya tsaya, zanen ya tallafe ƙeyarsa, kansa ya juya gefe, hanci a sarari. Majanyi ya ɗaure ƙasa da kyau. Kada ki lulluɓe shi ruf da hijabi mai kauri a rana, kuma ki sauke shi in za ki tsaya kan murhu.

In za ki koma aiki ko makaranta

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, Jihar Kaduna kuma tun 2019 take ba ma'aikatanta hutun haihuwa na wata 6. Mako biyu kafin ki koma ki fara koyon tatsa. Ki wanke hannu, ki ɗora babban yatsa a sama da baƙin nono, manuni a ƙasa, ki danna ciki wajen ƙirji, ki matse, ki saki, kina zagayawa. Ki tara a kofi mai murfi da aka wanke da ruwan zafi. Yana kai awa huɗu a wuri mai sanyi, da bazara a ba shi kafin haka. A firjin da wuta ba ta yankewa yana kai kwana huɗu. Ba a tafasa shi, kofin ake tsomawa a ruwan ɗumi. Mai raino ta zaunar da shi, ta kafa bakin kofi a leɓensa ya lasa da kansa.

Wata shida: abinci

Da ya cika wata 6, yana zama in an tallafe shi, yana bin loma da ido, sai a fara. Nono yana nan, abinci ƙari ne. Yanzu ne kuma zai fara shan ruwa, tafasasshe, a kofi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne koko tsararo. Cikin yaro ƙarami ne, in aka cika shi da ruwan gasara sai ya ƙoshi bai ci komai ba, a wayi gari yana ramewa alhali kullum ana ba shi. Kunun yaro ya yi kaurin da in kika karkata cokali ba zai zube ba. Kuma kada ya zama hatsi tsura.

Ga haɗin da ake koyarwa a cibiyoyin tamowa, wanda ake kira Tom Brown: gwangwani 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara ko a gauraya, gwangwani 3 na waken soya, gwangwani 1 na gyaɗa. Ki tsince kowanne, ki zubar da duk gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta motse, don gubarta tana taɓa hanta kuma wuta ba ta kashe ta. Ki wanke hatsin ki shanya. Waken soya ki jiƙa shi ya kwana, ki murje ɓawon, ki shanya ya bushe ƙayau. Ki soya kowanne daban a kasko babu mai har ya yi ja ya yi ƙamshi, ki murje gyaɗar ki sheƙe. A haɗa a kai inji, a tankaɗe, a zuba a roba mai murfi. Ki yi wanda zai ƙare cikin 'yan makonni. In za ki dama, ki kwaɓa babban cokali biyu ko uku da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa, ki yi ta juyawa a wuta har ya dahu sosai. Ki sa ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, wata rana garin zogale, wata rana garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya.

A kwanakin farko babban cokali biyu zuwa uku sau biyu a rana ya isa. Daga nan zuwa wata 8 a kai shi rabin kofi, sau biyu ko uku. Wata 9 zuwa 11, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. In ya shekara ya ci abincin gida, amma a kwanonsa daban, don in aka haɗa shi da yayye kafin ya kai loma biyu sun sudi kwanon.

Kada ki tsaya a kunu. Ki murje masa kabewa, dankalin Hausa, faten wake, ayaba, gwanda, mangwaro, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa da aka ɗiba kafin a sa yaji da dunƙule. Hanta da nama a daka. Ƙwai dafaffe a ba shi tun yanzu. Zancen wai yana sa yaro sata ko ya hana shi magana ba shi da tushe, ƙwai ɗaya kuwa ya fi leda goma ta biskit. Gishiri da sukari ba ya bukatarsu kafin shekara, madarar shanu ma kada ta maye gurbin nono kafin nan. Gyaɗa guda-guda, aya, alewa da dabino mai ƙwallo suna shaƙe yaro.

Ɗura kuwa a daina ta. Toshe wa yaro hanci a kwarara masa koko yana iya kai shi huhu. Ki zaunar da shi a cinya, ki ba shi da cokali, kina yi masa magana. In ya kawar da kai ki ƙyale shi, ki sake gwadawa gobe. Wani abincin sai an kawo shi sau da yawa kafin ya karɓa.

In gudawa ta zo

Za a ce haƙori ne. Haƙori yana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi, amma gudawar wannan lokaci daga rarrafe take da kai komai baki. Ki ƙara yawan nono, ki kaɗa garin ORS, haɗin gishiri da sukari na asibiti, a lita ɗaya na ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, ki riƙa ba shi cokali-cokali, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Kada a hana shi abinci. Maɗiga in ta faɗa, ruwan jikinsa ne ya ƙare, ba abin shafe-shafe ba ne. Shi da mai kashi da jini da wanda ya kasa sha duk asibiti za a kai su. Maganin haƙori na kwalba ki rabu da shi. Tsakanin 2008 da 2009 wani mai suna My Pikin, da aka samu guba a cikinsa, ya kashe yara 84 a Nijeriya. Ki wanke yatsa ki goga masa dasashi, ya wadatar.

Yaye

Shekara biyu cikakku da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, aya ta 233, ita ce kuma likitoci suke faɗa. In ciki ya shiga kafin nan, nonon bai zama guba ba. Abin da yake kassara yaron da aka ce "ya sha ciki" shi ne cire shi da aka yi rana ɗaya aka bar shi da koko. Ki ci gaba da ba shi kina ƙara cin abinci, sai fa in kina zubar jini, ko kin taɓa haihuwar bakwaini, ko likita ya hana. Ki sani kuma shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai in yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. In ɗaya ya warware, ku je ke da maigida ku nemi shawarar tazara.

Ki zaɓi lokaci. Ba a yaye yaro yana ciwo ko ya tashi daga ƙyanda, ba a yi a tsakiyar bazara, ba a yi sai yana cin abinci sosai sau uku ko huɗu. Ki fara cire sha ɗaya na rana, wanda bai damu da shi ba, ki maye shi da abinci ko wasa. Bayan kwana huɗu ko biyar ki cire wani. Na kwanciya barci da na asuba su ne na ƙarshe, kuma a nan uba yake da aiki: shi zai ɗauke shi ya lallashe shi da dare, don a jikinki yana jin ƙamshin nono ba zai haƙura ba. Ba sai an shafa maɗaci ko barkono ba. In za a kai shi gidan kaka, ta kasance wadda ya saba da ita, a kai shi bayan shan ya ragu zuwa sau ɗaya, a haɗa shi da garin kununsa da gidan sauronsa.

Ke kuma in nono ya cika, ki tatse kaɗan don ki ji sauƙi, ba har ya ƙare ba, ki ɗora tsumma mai sanyi. Kada ki ɗaure ƙirji tamau. Wata uku na bayan yaye ki ci gaba da kai shi awo. In an auna damtsensa igiyar awon ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, a kai shi cibiyar tamowa a ranar.